Tsamin Jikin Tsofaffi Bayan Aikin Ƙarfi

Daminar bara, sa'ad da aka ba mu hutu, na isa gida na tarad da kakana yana wasa fartanya a ƙofar zaure. Shekarunsa sun kai 70, ko sun ɗara kaɗan. Tun da aka gama kai amfanin gona rumbu bai sake yin wani aikin ƙarfi ba, wajen wata bakwai ke nan yana zaune a inuwa yana tufkar igiya, iyakar tafiyarsa daga gida zuwa masallaci. Ga gero ya tsiro, ciyawa ta taso masa, baffannina kuwa ba su komo daga cin rani ba. Na ce masa, "Tsoho, ka bar mini gonar nan, kada ka karye a ce ni na kashe ka don in gaje matarka." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, ina hannun alli ya san ƙota?"

Muka duƙa tun da sassafe, ba mu ɗaga ba sai azahar, ya kuwa riga ni fita. Da dare yana ta yi mini ba'a, lafiya lau. Washegari ya tashi da ɗan nauyin jiki, ya daure ya koma. A rana ta uku sai da ya dafa bango kafin ya miƙe daga shimfiɗa, ruku'u ya gagare shi, ya yi salla a zaune. Ni ma jikina ya yi tsami, amma kwana uku na warware, shi kuwa ya fi mako yana fama. Kakata ta ce sanyi ne ya shige shi, gama in da noma ne, ai da tun ranar farko zai kwanta. Wannan magana tata ita ta sa na bi littattafan kiwon lafiya da na komo makaranta, ga kuma abin da na samu, ko ya yi wa 'yan'uwa amfani, tun da ba wanda ba shi da tsoho a gida.

Mu Hausawa mu kan ce jiki ya yi tsami. Abin mamaki, masanan Turai ma sun daɗe suna tsammanin tsami ne na gaske. Akwai wani sinadari da ke sa nono tsami, wanda wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Shile ya fara fitarwa daga nono a 1780. Daga baya aka ga irinsa yana ƙaruwa cikin tsoka in ta yi aiki mai tsanani, sai aka ɗora masa laifin. Amma da aka auna sosai sai aka ga jini ya kan kwashe shi cikin misalin sa'a guda bayan an daina aikin. Ciwon kuwa ba ya farawa sai bayan sa'a 12 zuwa 24, ya kai maƙura tsakanin kwana 1 da kwana 3, sa'an nan ya lafa cikin kwana 5 zuwa 7. Wanda ya bar gari tun jiya ba shi za a kama da satar jibi ba.

Ainihin dalilin, wani Ba'amurke mai suna Tiyodo Haf ya hango shi tun 1902. Tsoka kamar igiyar rama ta ke, silili ne masu yawan gaske a haɗe wuri guda. In aka ɗora mata aikin da ba ta saba ba, waɗansu daga cikin sililin su kan yi 'yan tsage-tsage ƙanana da ido ba ya gani. Sai jiki ya tura jini da ma'aikatansa wurin don su share ɓarnar su ɗinke, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai labarin zafi su tsananta ji, har taɓawa kaɗan ta zama ciwo. Wannan aikin gyara shi ke ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ya kankama. Amsar kakata ke nan.

Ba kowane motsi ke kawo shi daidai ba. Wanda ya fi kawo shi shi ne wanda tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi. In ka ɗaga tulu daga ƙasa, tsokar damtsenka tana taƙurewa. In kana sauke shi a hankali don kada ya fashe, tana miƙewa tana birki, nan ne ta fi wahala. Don haka wanda ya hau Dutsen Dala a Kano ya kan yi haki wajen hawa, amma saukowar ce ke sa cinyoyinsa ciwo jibi. Manomi kuwa da ya duƙa ya miƙe sau ɗaruruwa, tsokar gadon bayansa da ta bayan cinya ke tare nauyin ƙirjinsa da kansa duk sa'ad da ya sunkuya. Mu ma nan mun san abin. Makon farko bayan hutu, in an koma filin ƙwallo, kowa tafiyar agwagwa ya ke yi. Ba na kuma mance ran Litinin da ta biyo bayan wasan malamai da 'yan makaranta, yadda waɗansu manyanmu, Allah ya ƙara musu girma, suka riƙa sauka matakala da gefe suna dafe da ƙarfe.

To, me ya sa abin ya fi daɗewa ga tsoho? Daga shekara 30 tsokar mutum ta kan fara raguwa, misalin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuwa raguwar ta kan ƙara sauri. Saboda haka kunya goma da saurayi zai nome da ɗan kaɗan daga ƙarfinsa, tsoho sai ya zuba kusan duk abin da ya ke da shi. Ga shi kuma ƙwayoyin da ke ɗinke tsoka sun ragu, gyara ya zama na sannu. Sa'an nan tsufa ya kan dushe jin ƙishirwa, mutum ya yini cikin rana yana zufa bai nemi buta ba. Amma a ganina babban abin da ya ka da kakana ba shekaru ba ne, wata bakwai ɗin nan ne na zaman zaure. Akwai wani sa'ansa a unguwarmu da ke yini bisa ƙafa yana bin awaki rani da damina, shi noman farko bai kwantar da shi ba.

Cikin wannan akwai wani abin farin ciki. In tsoka ta sha irin wannan wuya sau ɗaya ta warke, ta kan ɗinku da ƙarfi fiye da da, har in an maimaita aikin bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ba ya kai na farko, kariyar kuwa ta kan daɗe makonni. Abin da ya sa maimai ba ya cin jiki kamar noman farko ke nan. Ko aikin farkon kaɗan ne, yana ba da wannan kariya. Watau da kakana ya yi sa'a guda ranar farko, ya huta, ya ƙara kaɗan jibi, da ya gama gonarsa bai yi salla a zaune ba. Sannu ba ta hana zuwa.

In tsamin ya riga ya kama, abin da zuciya ke so shi ne kwanciya, mu 'ya'ya da jikoki kuma mu kan ga ladabi ne mu ce, "Baba, kada ka motsa, kome za a kawo maka." Hutun yini guda ba laifi, amma doguwar kwanciya ɓarna ce. A 2007 an gwada a Amurka, aka kwantar da waɗansu dattawa masu lafiya kwana 10 a gado, aka tarar, in an daidaita tsakaninsu, mutum guda ya rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Abin da ya fi shi ne ya tashi ya ɗan zaga, ya je masallaci da ƙafa, ya leƙa gona ba da fartanya ba. Motsi marar nauyi yana sassauta ciwon, ko da ya ke ya kan komo in an zauna.

Dabarun iyayenmu mata ba abin rainawa ba ne. Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana sa tsoka ta saki, wanka da ruwan ɗumi ma haka. Sai dai a fara gwada ruwan da hannun mai lafiya, musamman in tsohon yana da ciwon sukari, gama ƙafarsa ta kan ƙone bai ji ba. In kuwa targaɗe ne sabo mai kumburi, ruwan sanyi ya fi dacewa a kwanakin farko. Tausa da man kaɗanya tana rage ciwo, amma a yi ta da tafin hannu a hankali, kada a sa yaro ya hau bayan tsoho yana tattakawa, ƙashin tsufa ba shi da ƙwari, balle na mata. Miƙe gaɓoɓi kafin aiki da bayansa, wanda a ke koya mana a fili, an gwada shi sau da yawa, ba ya hana wannan tsami sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abinci shi aka fi mancewa. Ba a ɗinki sai da zare. Masana sun ce tsoho yana bukatar giram 1 zuwa 1.2 na abinci mai gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, watau mai kilo 60 yana son giram 60 ko fiye, ƙwai guda kuwa giram 6 ne kurum. Tsohon da haƙoransa suka zube sai ka ga daga koko sai kunu, daga kunu sai tuwo da miya tsinkakkiya. Ba sai an yanka masa kaza ba. Wake da ya dahu ya yi laushi, alale, awara, nono, dakakken ƙuli-ƙuli cikin kunu, garin busasshen kifi cikin miya, duk suna yi, a kuma raba su safe da rana da dare. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne zai fara tambayar likita. A ajiye masa ruwa kusa, a riƙa tuna masa, a bar shi ya yi barci isasshe.

Yanzu na zo wurin da ya fi damuna. Da ciwon ya dami kakana, ran kasuwa sai ya aika aka sayo masa haɗin ƙwayoyi wurin wani mai talla, ja da fari da rawaya a ƙulle cikin leda, wai maganin gajiya. Ya sha, ya ji garau, ya koma gona. Ya mai da shi kamar goro, safe da yamma, sau da yawa kafin ya karya. Bayan mako biyu ya fara jin jiri, tafin hannunsa ya yi fari, ashe bayan-gidansa ya daɗe da komawa baƙi kamar kwalta, kunya ta hana shi faɗi. A asibiti aka ce gyambon ciki ne ke zub da jini, sai da aka ƙara masa jini leda biyu, ɗaya nawa.

Irin wannan haɗi ya kan ƙunshi magunguna kamar su dikulofenak da ibufurofen, wani lokaci biyu ko uku masu aiki iri ɗaya a ƙulli guda. Suna kashe ciwo da gaske, amma suna rage kariyar bangon ciki, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma ta da hawan jini. Tsohon da ya yini yana zufa bai sha ruwa ba, ƙodarsa ta riga ta matsu, a ƙara mata wannan. In an haɗa da tiramadol kuwa, ga jiri da faɗuwa, ga sabo. In lalle sai an sha wani abu, farasitamol ya fi sauƙin haɗari: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Tsoho ramamme da bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba, malamin asibiti zai ƙayyade masa. Na shafawa ya fi na haɗiya aminci, gama kaɗan ne ke shiga jini.

Wajibi ne kuma mu iya rarrabe tsamin aiki da abin da ya yi kama da shi. Tsamin aiki cikin nama ya ke, inda aka mora, ya kan kama dama da hagu, kullum kuma yana raguwa bayan kwana uku. Ciwon da ke cikin gwiwa ko ƙugu, mai taurin safe da ƙara in an motsa, wannan na gaɓa ne, guringuntsi ne ya lalace, maganinsa dabam. In ciwon jiki ya zo da zazzaɓi, da damina musamman, a auna jini a duba cizon sauro. Waɗansu kuwa ba a kwana da su a gida: nauyi ko matsi a ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, da numfashi sama-sama, fitsari ya koma kamar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, alamar tsoka ta lalace ƙwarai har tana toshe ƙoda, sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, gefe guda na jiki ya saki ko baki ya karkace, ko tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa. Ciwon da ya wuce mako yana ƙaruwa ma a kai shi a duba, a tafi da dukan magungunan da ya ke sha, gama waɗansu na rage kitsen jini su kan sa ciwon tsoka.

Kada wani ya ce tsoho ya wuce horo. A 1990 wata likita mai suna Mariya Fiyataron ta ɗauki mutum 10 a wani gidan tsofaffi na birnin Bostan, masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako 8. Ƙarfin cinyar waɗanda suka gama ya ninka fiye da sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2020 ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su sami aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye.

Kakana bai san Bostan ba, na kuwa san in na ce masa ya yi atisaye zai kore ni da sanda. Sai na ce masa likita ya hana shi zaman zaure. Da ranin bana shi ke jan ruwan tumakinsa a rijiya, guga shida da safe, ya kan kuma kai taki gona da ɗan kwando, rabi-rabi, kwana uku a mako. Na roƙi kakata ta riƙa dama masa fura da nono mai yawa. Da aka yi ruwan shuka na rubuta wa ƙanena takarda, na ce ran noman farko ya tsaya kusa da shi, da hantsi ya yi ya karɓe fartanyar, ko da zai zage shi. Amsa ta zo makon jiya. Ya zage shi, har da ni a ciki, amma ya ba da fartanyar.