AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: ME YA SA KWAMFUTA TA MAYAR DA DALA 50 SIFIRI?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke aiki a ofishin masu fiton kaya a Magama Jibiya, kan iyakar Nijeriya da Nijar. Malamin cewa ya yi: Don Allah ku warware mini wannan. Na rubuta wa kwamfutarmu mai Linux 'yan umarni don ta riƙa buga rasit na motocin da ke ƙetarawa zuwa Maraɗi. Na sa $50, sai ta buga 0, har maigidana ya fara yi mini kallon mara gaskiya. Shin laifin na'ura ne ko nawa?

AMSA: To malam, na'urarka lafiya lau take, kai ma ba ka ci kuɗin kowa ba. Matsalar tana ga alamar zance da ka kewaye maganar da ita.

Abin da ke karɓar umarninka shi ake kira shel. Stephen Bourne ya fitar da nasa a 1979 a ɗakin binciken Bell na Amurka, sannan Brian Fox ya rubuta Bash a 1989, wanda galibin masu Linux ke amfani da shi. A wurin shel, alamar $ ba kuɗi ba ce. Ma'anarta ita ce: buɗe mazubi mai wannan suna ka ɗauko abin da ke ciki. Kamar dai buhu ne da aka rubuta wa suna a jiki.

A ce ka rubuta gari="Dan Issa", wato garin da ke tsallaken iyakarku. In ka sa alama tagwaye, echo "Mota ta nufi $gari", shel zai kwance buhun ya buga: Mota ta nufi Dan Issa. In kuwa alama tilo ka sa, echo 'Mota ta nufi $gari', ba zai taɓa komai ba, $gari ɗin zai fito yadda ka rubuta shi. Tagwaye suna bari a duba kaya, tilo kuwa hatimi ne, ba mai buɗewa.

To ka ga inda kuɗinka suka shiga. Da ka rubuta "$50" cikin tagwaye, shel ya ɗauka mazubi mai lamba 5 kake nema. Ya duba ya tarar ba komai, sai ya buga sifirin da ya rage. Maganinsa ka rubuta '$50', ko kuma "\$50", don wannan karkataccen layi yana hana shel taɓa alamar da ke biye da shi.

Amma fa kada ka ce to bari in daina sa alamar gaba ɗaya, nan ne haɗarin ya fi girma. In ka rubuta mkdir $gari tsirara, shel zai raba sunan gida biyu, ya buɗe maka jaka ɗaya Dan, ɗaya Issa. In da umarnin gogewa ne, wato rm, yana iya share abin da ba shi ka nufa ba, kuma abin da rm ya share ba ya zuwa kwandon shara. Saboda haka kullum ka rubuta "$gari".

Sai kuma wani tarko da ya shafe mu Hausawa. Kalmomi irin su ma'aikata da jama'a da 'yan kasuwa suna ɗauke da alama tilo a jikinsu. In ka rubuta echo 'jama'a', shel zai ɗauka ka rufe zance a tsakiyar kalma ka sake buɗe wani, sai ya tsaya yana jiranka. Irin waɗannan, tagwaye za ka sa musu.

Shawararmu, kafin ka ba da duk wani umarnin gogewa, fara sa echo a gabansa ka ga abin da zai fito. Rigakafi ya fi magani. Da fatan malamin ya gamsu, a kuma nuna wa maigida wannan shafi.