Notin Salansa Ya Ƙi Kwancewa

Garinmu Ambursa yana kan hanyar mota tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Mukan ga tsohuwar Fijo ta wuce da buhunan shinkafa daga fadama. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, saboda haka waɗansu Fijo sun girmi direbobinsu.

Tsohuwar mota ba ta rasa ciwo. Wata rana salansa ta huje, mota ta cika gari da ƙara. Mu zo mu kwance ta, sai noti ya ƙi motsi.

Me ya riƙe shi? Tsatsa ce. Salansa ita ce hanyar hayaƙi. In mota tana tafiya, ta yi zafi. In ta tsaya, ta huce. Da damina kuma ga ruwa ga laka. In ruwa da iska suka daɗe a jikin ƙarfe, sai ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa kumbura ta ke yi. Sai ta cike ɗan wurin da ke tsakanin noti da bol, su zama kamar abu guda.

A nan ne yawancinmu mu ke ɓarna. Mu sa dogon bututu a sifana, mu danna da ƙarfin tsiya. Sai ka ji ƙas! Bol ya karye. In ya karye a cikin injin, aiki ya wuce mu. Sai an nemi mai injin huda ƙarfe a Birnin Kebbi. Ga kuɗi, ga kwanaki, ga shinkafa a zube, kasuwa ta watse. Sauri ya haifi nawa ke nan.

To, ga yadda ya kamata mu yi. Mu bar injin ya huce. Mu tokare mota da katako mai kauri. Kada mu shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, gama jak yakan zame. Mu kankare tsatsar da burushin waya. Mu ɗiga kananzir ko man birki, mu bar shi ya kwana. Da safe mu ƙara, mu ɗan bubbuga notin da ƙaramar guduma don tsatsar ciki ta farfashe.

Sifana kuma sai wadda ta yi daidai, mai zobe, wadda ta kama noti ta kowane gefe. Mai buɗaɗɗen baki takan zame ta cinye kusurwoyinsa. Mu fara ɗaure shi kaɗan tukuna. Abin kamar wauta, amma shi ke karya tsatsa. Sa'an nan mu juya hagu. In ya motsa ya cije, mu koma dama, mu ƙara mai, mu sake.

In duk ya ƙi, sai mai walda. Wuta tana sa ƙarfe ya buɗe. Zai gasa notin, ba bol ɗin ba. Amma kafin ya kunna, mu share kananzir ɗin sarai, mu duba inda tankin fetur da bututunsa su ke, mu ajiye bokitin yashi kusa. Yara su matsa nesa.

Notin da ya sha wuta kada mu mayar da shi. Mu sayi sabo.