Mota Ta Fi Mai Ita Cin Wuri: Neman Gidan Abinci a Kano da Abuja

Wanda ya ɗauki iyali ko baƙi da daddare ya fita cin abinci a Kano ko Abuja, abu uku yake nema a lokaci guda: girki mai daɗi, teburin da zai zauna ba tare da ya kama wuri tun da rana ba, da inda zai ajiye mota hankali kwance. Biyu daga ciki ba sa wuyar samu. Haɗa ukun ne aiki, kuma abin da ke hana su haɗuwa lissafi ne na fili da na lokaci, wanda mai gidan abincin ya gama yi tun kafin ka tayar da mota daga gida.

A fara da fili. Gurbin mota ɗaya, a ma'aunin da masu zanen gine-gine suka saba da shi, kusan mita 2.5 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. In aka haɗa da hanyar shiga da wurin juyawa, kowace mota tana cinye murabba'in mita 25 zuwa 30. Teburin mutum huɗu da kujerunsa kuwa da kyar ya wuce biyar ko shida. Ke nan motar da ta kawo iyali ta ninka su cin wuri sau huɗu ko biyar, alhali ko ruwan leda ba ta saya. Gidan abinci mai tebur 20, in kowane tebur da motarsa ya zo, sai ya tanadi murabba'in mita 500 zuwa 600 na fakin kawai, abin da ya zarce fuloti guda mai ƙafa 50 a 100. Kowa ya san kuɗin fuloti a unguwar Nasarawa ta Kano ko Wuse II ta Abuja. Mai gidan abinci ba daga aljihunsa zai biya ba, cikin farashin shinkafa da kaza zai cusa shi, kuma wanda ya zo a adaidaita sahu ma sai ya biya nasa kason na filin da bai taka ba.

Kano ta ƙara wa lamarin nata nauyin. Cikin birni an shimfiɗa lungunansa ne ƙarnuka kafin a ƙera mota, don mai ƙafa da jaki da doki. Mafi daɗin masa da miyar taushe, ko gurasa bandashe, sau da yawa a irin waɗannan wurare suke, inda mota ɗaya in ta tsaya ta rufe hanyar unguwa. Nasarawa da Bompai kuwa Turawan mulki sun yanka su da manyan filaye, amma don zaman gida. Da yawa daga gidajen abincin da ke can yau gidajen kwana ne aka juya: falo ya zama wurin cin abinci, ɗakin baƙi ya zama na iyali, farfajiyar da aka yi don mota biyu ko uku ta maigida ita ake so ta ɗauki motocin mutum arba'in. Abin da ya yi saura sai ya malalo bakin titi. Abuja, wadda aka zana taswirarta a 1979 gwamnatin tarayya ta koma cikinta a Disambar 1991, ta fi faɗin tituna, sai dai labarin bai canja ba. Titunan Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse II sun cika da shaguna da gidajen abinci fiye da yadda aka tsara musu tun farko.

Daga nan ne maigadi ya zama mutum mafi muhimmanci a ƙofar gidan abinci. Ka gan shi bayan Isha'i, tocila a hannu, usur a baki, yana bubbuga bayan mota: "Alhaji, a dawo baya kaɗan. Yanke hannu. Ya isa!" A kansa yake riƙe da wa ya riga wa zuwa, wa ya ce saye kawai zai yi ya fito, wa ya zo da yara zai daɗe. Masu daɗewa ya tura su ciki jikin katanga, masu sauri ya jera su a bayansu. Ranar da lissafinsa ya kuskure, sai ka ji shi ya leƙo ciki yana cigiya: "Mai baƙar Corolla, don Allah a zo a gyara fakin." Mutum ya ajiye cokali, ya goge hannu, ya fita da makulli, kafin ya dawo farfesu ya huce. 'Yar naira ɗari biyun da ake miƙa masa a fita, ita ce kuɗin fakin na gaskiya a yawancin wuraren nan, ko da yake ba a rubuta ta a allo ba.

Sai lokaci, wanda a ganina ya fi fili tasiri. Masana lissafi sun daɗe suna nazarin layi. Agner Erlang, wani ɗan ƙasar Danmak da ke aiki a kamfanin tarho na birnin Kwapanhagan, shi ya soma a 1909, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi masu kira. A 1961 Ba'amurke John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shigowa a kowace awa, a ninka da tsawon zamansu. Gidan nan mai tebur 20, in kowace tawaga awa guda take yi, zai sallami tawaga 20 a awa. In hira ta yi daɗi aka kai awa ɗaya da rabi, sai su koma 13, ba tare da an rage ko kujera ɗaya ba. Filin fakin ma haka, domin mota ba ta tashi sai mai ita ya tashi. Shi ya sa mai tuwo a bakin kasuwa ba ta san wani kama wuri ba: benci na kowa ne, a ci cikin kwata ɗin awa, a wanke hannu, a ba wani. Mai tsire da balangu ya fi ta sauƙi, a naɗe maka a takarda ka wuce.

Nazarin layi ya nuna wani abu kuma. Jira ba ya ƙaruwa a hankali daidai da cikar wuri. Muddin akwai 'yan gurabe a sake, kusan babu jira, amma da zarar wuri ya doshi cika maƙil sai layi ya yi tsalle. A garuruwanmu kuwa kowa lokaci ɗaya yake fitowa, domin salla ce ke raba mana yini. Bayan an sauko daga Juma'a, tsakanin Magariba da ƙarfe tara da rabi na dare, yammacin Asabar da Lahadi, ga kuma shan ruwa da azumi, inda gari guda ke son a ajiye masa faranti a minti ɗaya. Wurin da ka tarar wayam ƙarfe biyar na yamma, shi ne ba masaka tsinke ƙarfe takwas.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin al'amarin fakin shi ne Donald Shoup, malamin tsara birane a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda ya rasu a Fabrairun 2025. A littafinsa na 2005 kan tsadar da ke ɓoye cikin fakin na kyauta, ya kawo abin da shi da ɗalibansa suka auna a Westwood, wata 'yar unguwar shaguna da gidajen abinci kusa da jami'ar. Direba yakan yi minti 3.3 yana zagaye kafin ya sami gurbi a bakin titi. Kamar ba komai ba, amma da aka tara na shekara sai ya kama mil 950,000, tafiyar da ta kai a kewaya duniya sau 38, da galan 47,000 na mai, duk a neman wurin tsayawa. Mu da muka ga yadda litar mai ta koma tun cire tallafi a Mayun 2023, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shawarar Shoup ita ce a sa wa bakin titi kuɗi daidai gwargwado, yadda kashi 85 cikin 100 na gurabe za su cika, a bar ɗaya ko biyu a sake a kowane layi, sannan a kashe kuɗin a unguwar da aka tara shi. San Faransisko ta gwada irin wannan daga 2011, farashi na hawa da sauka bisa cunkoso. Abuja ma ta taɓa kawo tsarin biyan kuɗin fakin a bakin titi, har wata babbar kotun birnin ta soke shi a 2014 saboda babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin. Mutane sun fi tuna ɗaure taya da tara fiye da wani sauƙi da suka samu, kuma ina ganin nan ne aka bar rabin shawarar a baya: direba bai ga fitila ko kwalbatin da kuɗinsa ya gyara ba. A Kano, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA da aka kafa a 2012 tana iya hana tsayawa inda bai dace ba, amma hani ba ya haifar da gurbi.

Shi kuwa kama tebur tun kafin a zo, bai zama al'adarmu ba sai a manyan otal da wasu gidajen abinci na Abuja. Ga mai gida, abin kaifi biyu ne. Yana sanin yawan naman da zai saya, amma in ya ajiye tebur ƙarfe takwas, masu shi suka iso tara saura, ko suka ƙi zuwa ba ko waya, ya kori masu kuɗi a hannu a banza. Inda abin ya yi nisa kuma ya haifi tasa fitinar. A Niyok sai da aka sa hannu kan doka a Disambar 2024 don hana 'yan kayi-nayi kame teburan manyan gidajen abinci ta intanet suna sayarwa. Ban ga abin sha'awa a nan ba. Gara namu, inda kiran waya minti ashirin kafin ka iso, ka tambaya ko da wuri, ka ce ku nawa ne, yakan wadatar.

To mai neman ukun nan fa? Abin da ya fi yi masa aiki shi ne ya kauce wa sa'ar kowa. Tsakanin La'asar da Magariba, ko bayan tara da rabi, ko daren Litinin da Talata, tebur da fakin duk suna jiransa a wurin da ya gagare shi ranar Asabar. In lokacin ba ya sauyuwa, ya daina kafewa sai ƙofar gida. Layi na biyu ko na uku daga babban titi yakan sami wuri, tafiyar minti uku ce, muddin da haske da mai tsaro, kuma bai toshe get ɗin wani ba. Manyan kantuna irin Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zu a Kano ko Jabi Lake Mall a Abuja sun warware matsalar mota, sai dai abincinsu yawanci na sauri ne, wanda ɗanɗanonsa ɗaya ne ko'ina. Wanda tuwon shinkafa da miyar kuka na cikin lungu ya fito da shi, ya bar motar a gida ya tari adaidaita, ya fi masa arha da kwanciyar rai.

Akwai kuma wurin da ya kamata a yi wa kallon tsanaki: gidan abinci a tsakiyar gari, daren Asabar ƙarfe takwas, fili fetal, tebura ba kowa. Wani lokaci sabo ne bai yi suna ba tukuna, ko farashinsa ne ya tace masu shiga. Sau da yawa kuma mutanen unguwar sun riga ka ɗanɗana girkin. Kafin ka sauke iyali, tambayi mai shagon da ke kusa ko a nan yake aika a sayo masa.