Oktofas na Takarda: Wasan Yara Mai Koyar da Ilmin Halittu

A cikin darussan ilmin halittu na makarantun sakandare akwai rukunin dabbobi masu taushin jiki, wato dangin dodon koɗi. Dodon koɗi dai sananne ne ga kowane ɗalibi. Amma da zarar malami ya ambaci oktofas, dabbar nan mai hannu takwas, sai darasi ya koma hadda, domin dabba ce ta ruwan gishiri kaɗai. Ba a samun ta a kogin Kwara ko Binuwai ko tafkin Chadi, kuma galibin ɗalibai ba su taɓa ganin teku ba. Abin da ido bai gani ba kuwa, hannu bai taɓa ba, da wuya ya zauna a ka. Da takarda ɗaya da almakashi ana iya rage wannan matsala.

Wace irin dabba ce?

Masana sun san nau'o'in oktofas kimanin 300. Ba kifi ba ne, domin ba shi da ƙashi ko kaɗan. Abu mai tauri a jikinsa shi ne baki irin na aku da ke tsakiyar hannuwansa, don haka yana iya matsewa ya kutsa ta ƙaramar kafa muddin bakin zai wuce. Sunan ajinsa a harshen Girkanci yana nufin "kai da ƙafa", saboda hannuwansa daga kai suka fito kai tsaye. A Afirka, ƙasashen Muritaniya da Maroko sun shahara wajen kama shi, suna kuma sayar wa Japan da ƙasashen Turai.

Ita ma fasahar naɗa takarda a Japan ta bunƙasa, inda ake kiran ta origami. Akira Yoshizawa (1911 zuwa 2005) na cikin waɗanda suka yaɗa ta a duniya. Idan aka haɗa naɗi da yanka, kamar yadda za a yi a nan, sunan aikin kirigami.

Kayan aiki

Ana buƙatar farar takarda A4 guda ɗaya, da almakashi, da rula, da fensir, da biro, da salatif, da 'yan tarkacen takardu. Idan yaran ƙanana ne, sai babba ya riƙe almakashin.

Yadda ake yi

Na ɗaya, a ajiye takardar a tsaye, a ninka ta biyu yadda dogayen gefunanta za su haɗu. A sake ninkawa haka nan, a kuma sake. Ninki uku ke nan.

Na biyu, a buɗe takardar. Za a ga layukan ninki 7 da suka raba ta gida 8, kowane gida faɗinsa kusan santimita 2.6. Dalili kuwa shi ne kowane ninki yana ruɓanya adadin gidajen: 2, sannan 4, sannan 8.

Na uku, a auna santimita 11 daga sama, a ja layi a kwance daga gefe zuwa gefe.

Na huɗu, a yanka kowane layin ninki daga ƙasa zuwa wannan layi, kada a wuce shi. Yanka 7 zai ba da hannuwa 8. A rage ƙarshen kowane hannu da almakashi ya yi tsini.

Na biyar, a zana ƙananan da'irori sahu biyu a kan kowane hannu, duk a fuska ɗaya ta takardar. Su ne matsotsai.

Na shida, a naɗe takardar kamar gwangwani, fuskar da ke da da'irorin tana ciki, a haɗa gefe da gefe na ɓangaren da ba a yanka ba, a manne da salatif.

Na bakwai, a tattara bakin saman a tsuke shi, a ɗaure da salatif, sannan a cusa tarkacen takardu ta ƙasa har ya yi tumbi.

Na takwas, a naɗe kowane hannu a jikin fensir zuwa waje don ya lanƙwashe, matsotsan su bayyana. A zana ido biyu dab da inda hannuwan suka fara, ɗaya a kowane gefe. Daga ƙarshe a murza guntuwar takarda ta zama ɗan bututu, a manna shi ƙasa da ido ɗaya.

Darussan da ke cikin abin wasan

Babban kuskuren da ake yi shi ne zana idanu a tsakiyar tumbin nan, a ɗauka kai ne. Alhali kuwa jaka ce da ke ɗauke da kayan ciki da gaɓoɓin numfashi da zukata. Ainihin kan shi ne ɗan wurin da ke tsakanin jakar da hannuwa, inda idanu da ƙwaƙwalwa suke. Ɗalibin da ya sa idanun a muhallinsu da hannunsa ba zai sake ruɗewa ba.

A kan jakar, ɗalibi na iya zana zukata uku. Biyu suna tura jini zuwa gaɓoɓin numfashi, ɗaya kuma tana rarraba shi ga sauran jiki. Jinin shuɗi ne, domin sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikinsa yana ƙunshe da jan ƙarfe, saɓanin jinin ɗan Adam da ke amfani da baƙin ƙarfe.

Matsotsan kuwa aikinsu ya yi kama da na ƙahon wanzami: idan baki ya manne, sai tsoka ta rage matsin da ke ciki, matsin waje ya riƙe shi gam. Bugu da ƙari, da su dabbar take ɗanɗana abin da ta taɓa. Oktofas na gama-gari yana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a hannuwa suke. Idan hannu ya gutsure, wani yakan tsiro a madadinsa.

Shi kuma ɗan bututun, ta nan dabbar take feso ruwan da ta zuƙa cikin jaka, sai ta yi gaba ta ɗaya ɓangaren. Malami na iya hura balan-balan ya sake ta a aji. Yadda take tashi haka oktofas yake gudu, bisa ƙa'ida ta uku ta Newton. Ta wannan bututu ne kuma yake watsa baƙar tawada don ya ɓace wa maƙiyi. Yana kuma sauya launi fiye da hawainiya sauri, ta hanyar ƙananan jakunkunan launi da tsokoki ke buɗewa da rufewa a fatarsa.

Har ila yau, akwai abin mamaki a rayuwarsa. A shekarar 2009 masana suka ba da rahoton wani nau'i a tekun Indunusiya da ke ɗaukar ɓawon kwakwa yana tafiya da shi don ya fake a ciki. Duk da wannan wayo, yawancin nau'o'in ba su wuce shekara ɗaya ko biyu a raye. Macen takan tsare ƙwanta ba ta cin abinci, ta kuma mutu bayan ƙyanƙyasa. A shekarar 2014 aka wallafa labarin wata a can ƙarƙashin teku kusa da Kalifoniya da ta yi wata 53 tana gadin ƙwanta.

Shawara ga malamai

Yana da kyau a kawo dodon koɗi mai rai a ajiye kusa da oktofas na takarda, a nemi ɗalibai su lissafa abin da ya haɗa su da abin da ya raba su: wane ne mai ƙoƙo, wane ne ya rasa shi, kuma da me wanda ya rasa ƙoƙo yake kare kansa? Bayan darasi, kowane ɗalibi ya tafi gida da nasa, ya koya wa ƙannensa yadda ake yi.