In An Daina Maganin Tazarar Haihuwa, Yaushe Ciki Zai Zo?

A gidajenmu na Birnin Kudu da Gwaram akwai matan da suka huta shekara 2 ko 3 da maganin tazarar haihuwa, yanzu kuwa suna neman ƙaruwa. Wata ya wuce, wani ya bi, shiru. Sai surukai su fara cewa allura ta ƙone mahaifa. Wannan magana ta jawo hawaye da faɗa a gidaje da yawa, ba kuwa gaskiya ba ce.

Magungunan nan suna hana ƙwan mace fita ne, ko su tare wa maniyyi hanya. In ƙarfinsu ya ƙare, jiki yakan koma yadda yake. Sai dai kowane da lokacinsa.

Mai shan ƙwayoyi kullum, ƙwanta yakan soma fita cikin wata 1 zuwa 3. Ashanar fata, wato Implanon ko Jadelle, da an cire ta ciki yana iya shiga ko a watan farko. Allura ce mai jinkiri. Mai yin Depo-Provera ta wata 3 takan jira kamar wata 10 daga allurar ƙarshe, wata ma har wata 18. Jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba.

Me za mu yi a kwanakin jira? Ƙwai yakan fita kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa, maniyyi kuwa yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Saboda haka miji da mata su riƙa saduwa kowane kwana 2 ko 3. Uwargida ta soma shan folik asid, maikirogiram 400 kowace rana, tun kafin ciki, domin kare lakar jariri. A bar jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

In shekara 1 ta cika ba labari, ko wata 6 ga mace da ta haura shekara 35, sai a je asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A je tare. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma sau da yawa matsalar tana wajen namiji. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba yana iya toshe hanyar ƙwan mace, ya kuma lalata ta namiji. Gwajin maniyyi ba shi da wuya, ba kuwa abin kunya ba ne.

'Yan'uwa maza, tare muka yarda a huta, tare kuma za mu jira. Kada mu bar matanmu su ɗauki gorin dangi su kaɗai.