YADDA JIHOHIN AMURKA KE BIYAN DIYYA GA WANDA AKA ZALUNTA

Da zarar alƙali ya yanke hukunci aka wuce da mai laifi gidan yari, akan ɗauka cewa magana ta ƙare. Amma wanda 'yan fashi suka sassara, ko matar da aka kashe wa miji, tasu wahalar tana nan: ga kuɗin asibiti, ga rashin aiki, ga marayu.

Saboda haka ne ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar biyan irin waɗannan mutane diyya daga baitulmali cikin 1963. A Amurka kuwa, Jihar Kalifoniya ce ta buɗe hanya cikin 1965, Niyu Yok ta biyo baya cikin 1966. Yau babu jihar da ba ta da irin wannan shiri.

Hujjar dokokin ita ce, tsare rayukan jama'a nauyi ne na hukuma. Don haka jiha ce ke biya, ko da ba a kama mai laifin ba. Akan biya kuɗin magani, da albashin da mutum ya yi hasara, da kuɗin jana'iza, amma galibi ban da dukiyar da aka sace. A Kalifoniya iyakar abin da ake bayarwa dala 70,000 ne. Tun 1984 Gwamnatin Tarayya ke tallafa wa jihohi daga wani asusu da ake tarawa da tarar masu laifi, ba da harajin talakawa ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Yawancin jihohi suna bukatar a kai rahoto ga 'yan sanda cikin ƙayyadadden lokaci, alhali kuwa sau da yawa tsoro ko kunya kan hana matar da aka yi wa fyaɗe yin haka. Ganin wannan, Jihar Niyu Yok ta yi doka cikin 2023 wadda ta yarda da shaidar da ba ta 'yan sanda ba.

A Nijeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya. To, idan ya tsere, ko kuwa ba shi da ko kwabo, wa zai biya? Tambayar ke nan da ke gaban majalisun jihohi.