Koyar da iya magana a ɗakin gaggawa na asibitocin Adar

Idan naƙuda ta gagari cibiyar lafiya ta Affala, Tahoua ake tura mace, ko babban asibitin jiha ko cibiyar kula da uwa da yaro. Sau da yawa ba mijinta ke rako ta ba. Adar ƙasar 'yan bida ce, magidanta da dama suna Abidjan, Libiya ko Najeriya, saboda haka uwar miji ko ƙanin miji ke tsaye a kanta. Likita ya ce sai an yi aiki, su kuma su ce sai an samu maigida a waya. A nan ake fara ɗaga murya, jini kuwa yana ta zuba.

Akwai kuma rigimar kuɗi. Tun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta mai da aikin fid da jariri da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha jawo yankewar magani, sai a miƙa wa dangi takardar saye. Wanda ya ji a rediyo an ce kyauta ne, zargin ma'aikaci zai yi.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 2003 masana Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da binciken da aka yi a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun nuna yadda tsawa, rashin bayani da fifita wanda aka sani ke ɓata tsakanin majinyata da ma'aikata.

Duk wannan ana iya koyar da maganinsa, kamar yadda ake koyar da ɗinki da ƙarin ruwa. Ma'aikata kan yi ɗan wasan kwaikwayo a tsakaninsu, wani ya zama ɗan rakiya mai fushi, wani ya gwada kwantar da shi: ya gaishe shi, ya zaɓi mutum guda daga dangi, ya gaya masa halin da ake ciki da Hausa, Tamajak ko Fulatanci, ba da Faransanci ba.

Mace kuma tana bukatar tata hanyar. Mai haihuwar fari kan danne ciwo don kunya, ba za ta ambaci jini a gaban surukai ba. Wanda ya samu horo yakan fitar da 'yan rakiya, ya ja labule, ya kira ma'aikaciya mace, ya tambayi majinyaciyar da kanta: "Baiwar Allah, tun yaushe ya fara?"

Tsakanin ma'aikata ma haka ne. Ungozomar asibiti kan riga kowa ganin haɗari, amma nauyin likita namiji da ya girme ta ya hana ta nacewa. Shi ya sa ake koyar da tsarin miƙa bayani mai gaɓa huɗu: abin da ke faruwa, tarihin ciwon, abin da take gani, da abin da take so a yi yanzu. Wanda aka ba umarni kuma ya maimaita shi da ƙarfi. Majo, wato shugaban kowace cibiya, zai iya fara wannan gwaji a lokacin canjin gadi, kwamitin kula da cibiyar kuma ya riƙa kawo koken jama'a a zauna a kansa.